Takalma a Bakin Ƙofa

Inna ta rasu ran Talata a Malumfashi,
ni kuwa ina Hull, ina sauya wa wani tsoho zanen gado.
Waya ta yi ta motsi a aljihuna
kamar ɗan tsako a tafin hannu.
Kafin in tashi aiki an sallace ta,
kafin bas ta kai ni gida an mai da ƙasa.
Fasfo ɗina yana wani ofishi, yana jiran hatimi.

A garinmu mutuwa takan cika ƙofar ɗaki da takalma.
Nan kuwa nawa ne kaɗai,
jiƙaƙƙu, ɗaya ya juya wa ɗaya baya.
Na shimfiɗa tabarmar roba a falo,
na zauna karɓar gaisuwar da babu mai kawo ta.
Duhun garin nan tun la'asar yake sallama.
Shi kaɗai ya shigo, bai ce ya haƙuri ba.

Laraba ake kwashe shara. Na manta.
Da asuba na ji gurnanin taya a bakin titi:
Pauline ce, mai saba'in da ɗoriya,
da rigar barci da takalmin ruwa,
tana jan kwandon sharata bayan ta kai nata.
Shekara biyu bango ɗaya ya raba mu,
ban san komai nata ba sai tarin tsakar dare.
Ashe bangon da ya kawo mini tarinta
shi ya kai mata kukana.

Ba ta tambayi wanda ya mutu ba.
Ta dubi kujera, ta dube ni a ƙasa,
ta dafa bango, gwiwoyinta suna ƙas-ƙas,
ta sauko.
Daga baya ta haɗa shayi,
ba citta, ba kanumfari,
tsararo kamar ruwan ɗaurayar ƙwarya.
Na shanye tas.

Dilshad mai kantin kwana
ya ga burodi a hannuna, ya ga idona,
ya ture kuɗin da ɗan yatsa,
ya dafa ƙirji, ya ja Fatiha
da wani karin harshe mai ƙamshin duwatsu.
Bożena ta rubuto: darenki uku na ɗauka,
kada ki kuskura ki gode mini.

Har yau ban san wanda ya kai labari ba,
amma ranar uku sai ga Baba Issaka direban tasi
da kular koko da ƙosai a takarda,
da matarsa, da wasu mata biyu da ban taɓa gani ba.
Hausarsa ta Zangon Kumasi ce,
wadda ba ruwanta da mace ko namiji.
Ya ɗaga hannu ya ce wa Inna,
Allah ya jiƙan shi, mutumin kirki ne.
Dariya ta kufce mini har na ƙware,
da Inna na nan da ta fi ni.

Da na fita raka su na sunkuya na ƙirga:
ƙafa bakwai a bakin ƙofa,
har da na ruwan nan mai taɓo,
an jera shi daidai sahun sauran.
Bakwai ba taro ba ne a Malumfashi.
A nan, sai da na tsallaka kafin in wuce.

Kukan bai ƙare ba, yakan tare ni a bas,
ko in ina niƙa wa wani tsoho magani a cokali.
Amma da Laraba ta zagayo na riga Pauline fita,
ƙanƙara tana cizon yatsuna,
kwando biyu suna bina a baya kamar awaki.

Yanzu in dare ya raba, ta gama tarinta,
takan ƙwanƙwasa bango sau biyu.
Nakan jira kaɗan, don kada ta ce ban yi barci ba,
sannan in mayar mata.